Yadda na bi sawun kakan mahaifiyata a titunan Gilasgo da suka ɓace

An haifi kakata ta wajen uwa a wani barikin 'yan kuza da ke kusa da Bukuru wajen shekarar 1926, kuma duk wanda ya gan ta ya san akwai jinin Bature a jikinta, amma a gidanmu ba a yin wannan magana da ƙarfi. Abin da muka taso muka ji shi ne mahaifinta wani makanikin injuna ne mai jan gashi da ya zo aikin haƙar kuza, ya yi 'yan shekaru, ya koma ƙasarsu tun ba ta fi shekara uku ba, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Mahaifiyarta, wadda take tuwon sayarwa a barikin, ta yi aure daga baya, mijin ya riƙe yarinyar tamkar 'yar cikinsa, shi ya aurar da ita, kuma sunansa ta amsa har ta bar duniya. Abin da Baturen ya bari bai wuce wani ɗan littafin lissafin injuna mai baƙin bango ba, wanda ya yi shekaru a ƙasan adudu. A cikin bangon an rubuta da tawada harafin farko na sunansa, da sunan danginsa mai farawa da Mac, da lambar gida, sannan "Main St., Glasgow, 1903". Ba zan faɗi sunan ba, domin akwai danginsa a raye. Da zan tafi karatun digiri na biyu a Gilasgo ta ƙasar Sikotilan cikin watan Satumba na 2022, yayar mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta ɗauko littafin ta damƙa mini, ta ce, "Ɗan nan, tunda Allah Ya nufa garin za ka, ka duba mana ko mutumin nan yana da asali."

Sai da sanyi ya shiga sosai, dare ya yi tsawo, sannan na samu sararin fara aikin. Mashigar farko ga duk mai neman asali a Sikotilan ita ce shafin ScotlandsPeople, wanda hukumar adana bayanan ƙasar, National Records of Scotland, take gudanarwa. Yin rajista kyauta ne, duba jerin sunaye ma kyauta ne, amma ganin hoton ainihin shafin da aka rubuta sai da kuɗi. A lokacin ana sayar da maki 30 a kan fam 7 da rabi, kuma kowane shafi na ƙidaya ko na rajistar haihuwa, aure ko mutuwa yana cin maki 6, wato fam ɗaya da rabi. An yi ƙidayar jama'a a ƙasar kusan duk bayan shekara goma, kuma tun daga 1841 ake rubuta sunayen mutane, ana rufe bayanan har sai sun cika shekara ɗari, kuma na yi dace domin a ranar 30 ga Nuwamba na 2022 aka buɗe ƙidayar 1921. Abin da ban lura da shi ba da farko shi ne jerin sunayen kyauta ba ya nuna adireshi. Suna kawai yake nunawa, da shekaru, da sunan gunduma, da wasu lambobi da ban san amfaninsu ba. Na rubuta sunan dangin a ƙidayar 1901, na zaɓi Gilasgo, sai ga sunaye sun zubo shafi bayan shafi, kamar mutum ya shiga kasuwar Kurmi ya kira Malam Musa. Na fara buɗe su ɗaya bayan ɗaya bisa zato, kafin in ankara na kashe fam 30 a shafi ashirin, babu ko ɗaya da ke zaune a wani Main Street.

A nan na yi kuskuren da ya ci mini wata biyu. Na duba taswirar waya, na ga Main Street a unguwar Bridgeton da ke gabashin birnin, na ɗauka ke nan an gama. Wata Asabar na hau jirgin ƙasa na je, na taka titin daga bakinsa har ƙarshe cikin yayyafi, na ɗauki hotuna na tura gida. Da na koma ƙidayar na taƙaita nema a Bridgeton, sai na ci karo da wani matashi mai wannan sunan dangi, da harafin farko iri ɗaya, ɗan shekara goma sha bakwai, yana koyon gyaran injuna a masaƙa, a wani titi da ke maƙwabtaka da Main Street. Zuciyata ta kama shi nan take. Na sayi takardar haihuwarsa, da ta auren iyayensa, na bi kakanninsa har ƙidayar 1861, na zana bishiyar zuri'a a babbar takarda na manna a bangon ɗakina. Wani shafin kasuwanci na masu neman asali ya ƙara ruɗa ni, domin wani ya riga ya ɗora irin wannan bishiya a can tare da cewa mutumin ya tafi Afirka, ba tare da ya nuna inda ya samo hakan ba. Sai a ƙarshen watan Fabrairu na ce bari in nemi takardar mutuwarsa domin in cike gurbi. Ta nuna ya rasu a Gilasgo a 1918, shekara takwas kafin haihuwar kakata. Fam ɗaya da rabi ya rushe aikin wata biyu, kuma da ita na fara saya da ban yi wannan aikin baban giwa ba. Na cire takardar daga bango, na yi mako biyu ban ko buɗe shafin ba, kuma na rasa bakin da zan gaya wa Inna cewa hotunan da ta nuna wa 'yan'uwa na titin wani ne daban.

Da na dawo, sai na biyo ta ɗaya ɓangaren, wato ta teku. Jiragen ruwan da suka bar Birtaniya zuwa ƙasashe masu nisa tsakanin 1890 da 1960 sun bar jerin sunayen fasinjojinsu, kuma ana iya duba hotunansu kyauta a kwamfutocin ɗakin karatu na birni idan mutum yana da katin zama memba. Masu zuwa Nijeriya a wancan zamani galibi jiragen kamfanin Elder Dempster suke hawa daga Libaful zuwa Ikko, daga nan su kama jirgin ƙasa zuwa Arewa. A jerin 1924 na samu mutum mai cikakken sunan da ya dace da harafin littafinmu, ɗan shekara 38, sana'arsa haɗa injuna, sannan na sake ganinsa a jerin masu komawa a 1929. Shekarun sun zauna daidai da labarin gida. Tun daga 1922 ake rubuta adireshin fasinja na ƙarshe a Birtaniya, amma nasa Argyle Street ne, da wata doguwar lamba da ba ta da alaƙa da ta littafin. Na samu mutum da shekarar haihuwa, wajen 1885 ko 1886, amma babu igiyar da ta ɗaure shi da littafin da ke hannuna, kuma bayan abin da ya same ni a Bridgeton na daina yarda da kamanni.

Matambayi ba ya ɓata. Na ɗauki littafin na je ɗakin karatu na Mitchell da ke North Street, inda ma'ajiyar tsofaffin takardun birnin take, na nuna wa wata ma'aikaciya rubutun. Tambayar da ta fara yi mini ita ce, "Wane Main Street daga ciki?" Gilasgo ta girma ne ta hanyar haɗiye ƙauyuka da garuruwan da ke kewaye da ita, kuma kusan kowanne ya shigo da nasa Main Street. Da suka yi yawa a birni ɗaya sai aka riƙa canja musu suna: na Gorbals ya koma Gorbals Street, na Maryhill ya zama Maryhill Road, na Pollokshaws ya zama Shawbridge Street, na Anderston kuma aka haɗe shi da Argyle Street. Na Bridgeton ne ya tsira da sunansa, shi ya sa shi kaɗai waya ta nuna mini a tsakiyar gari. Jin sunan Argyle Street ya sa na zauna a kujera. A kwamfutar wurin na buɗe shafin taswirori na Ɗakin Karatu na Ƙasa, wanda yake kyauta ga kowa daga ko'ina a duniya, na zaɓi babbar taswirar Gilasgo da aka auna tsakanin 1892 da 1894. Girman ma'auninta ya kai mutum ya ga kowane bene, da zauren shigarsa, da matakala, da ɗakin wanki da ke tsakar gida. Akwai wata 'yar madanna da ake ja, tsohuwar taswira ta dushe, hoton yau ya bayyana a ƙarƙashinta. Na ja ta a hankali, na ga Main Street na Anderston, wanda ya tashi daga mahaɗar Anderston Cross ya nufi yamma, yana narkewa ya koma Argyle Street, gabashinsa kuma babbar hanyar mota ta M8 ta haɗiye shi.

Canjin suna ya zo da canjin lambobi, don haka sai da na tabbatar cewa lambar littafin da lambar jerin fasinjoji gini ɗaya suke nufi. Abin da ya raba gardama shi ne littafin kimar gidaje, wanda ake rubutawa kowace shekara tun 1855 domin haraji, yana nuna mai gida, da 'yan haya, da sana'arsu, da kuɗin hayar shekara. A lokacin shafinsa maki 2 kacal yake ci. Na buɗe na 1905 a kan lambar Main Street, na buɗe na 1925 a kan lambar Argyle Street, sai ga masu ginin iri ɗaya, ga shago a ƙasa, ga wasu 'yan haya biyu da ba su motsa ba cikin shekara ashirin, kuma a duka biyun akwai wata mata mai sunan dangin da nake nema. Daga nan na gane amfanin lambobin nan da ke gefen kowane suna a jerin ƙidaya: ta farko gunduma ce, ta biyu littafin malamin ƙidaya, ta uku shafi. Hukumar ta wallafa jerin tituna kyauta wanda ke nuna littafin da kowane titi ya faɗa ciki, don haka mutum yana iya tace sunaye kafin ya biya ko kwabo. Duk da haka sunan mutumina bai fito a Anderston ba, sai da na cire sunan yanka na bar sunan dangi da alamar tauraro a madadin wasu haruffa. Malamin ƙidaya ya rubuta M da waƙafi a sama maimakon Mac, sunan yankan kuma ya rubuta ɗan'uwan sunan, domin a Sikotilan akwai sunayen da ake musanya su kamar yadda muke yi da Muhammadu da Mamman: Donald da Daniel, Peter da Patrick, Jean da Jane. A daren 31 ga Maris na 1901 yana nan, ɗan shekara goma sha biyar, yana koyon haɗa injuna, tare da mahaifiyarsa mai wankau wadda mijinta ya rasu, da ƙannensa uku, da wani ɗan haya. Ƙidayar Sikotilan tana da gurbin da ake rubuta yawan ɗakuna masu taga, kuma a gabansu an rubuta 1. Mutum shida ke nan a ɗaki guda, shi ne madafa, shi ne makwanci.

Na zaci daga nan hanya ta miƙe, amma a ƙidayar 1891 iyalin sun ɓace, kuma haihuwarsa ba ta fito a kowace gunduma ta Gilasgo ba, ko da yake shafin 1901 ya ce a nan aka haife shi. Ma'aikaciyar ta ba ni shawarar in duba takardun neman tallafin matalauta, waɗanda ma'ajiyar ke riƙe da su daga 1851 zuwa 1948, fiye da miliyan guda. Na nemi rana, aka ba ni bayan kwana huɗu, ba a karɓi ko sisi ba. Ana ajiye jaka a waje, ba a shiga da biro sai fensir, kuma bayan jira na kusan rabin awa aka kawo mini wani ƙaton kundi aka ɗora shi a kan matashi domin kada bayansa ya karye. Mahaifiyarsa ta nemi tallafi a gundumar Barony a 1893, makonni kaɗan bayan ciwon huhu ya kashe mijinta, wanda ke dako a tashar jiragen ruwa. Dokar lokacin ta ce sai mutum ya yi shekara biyar a jere a gunduma kafin nauyinsa ya hau kanta, in ba haka ba sai a nemi kuɗin daga inda ya fito, shi ya sa jami'in da ya ziyarce ta ya bi diddigin duk inda suka taɓa zama. Ya jero adireshi shida cikin shekara bakwai, da watannin da suka yi a kowanne, yawancinsu suna ƙarewa a ƙarshen watan Mayu, domin 28 ga Mayu ce ranar da hayar shekara ke cika, talakawan birni su ɗora komatsansu a amalanke su sake gida. Ya rubuta sunayen iyayenta da na mijinta, da cewa dukansu daga tsibirin Islay suka fito, wanda mutanen wurin ke furtawa Aila, sannan ya rubuta cewa ɗakin yana da tsabta. An yanka mata sule huɗu a mako. Na daɗe ina kallon wannan layi, domin a gidanmu duk Baturen da ya zo kuza muna ɗaukarsa mai arziki ne tun daga gida.

Huɗu daga cikin adireshin nan shida a Partick suke. A yau Partick unguwa ce a cikin Gilasgo, har ma nan nake sayen nama, amma kafin 1912 gari ne mai cin gashin kansa, kuma a tsarin gundumomin coci yana ƙarƙashin Govan ne, ko da yake kogin Clyde ya raba su. Duk neman da na yi wata da watanni na killace shi a Gilasgo, ashe da hannuna na rufe musu ƙofa. Da na sauya gunduma, cikin minti biyu suka fito a ƙidayar 5 ga Afrilu na 1891, uba da uwa da yara biyu, kuma a gurbin harshe an nuna iyayen suna jin Gelik, tsohon harshen tsaunuka da tsibiran Sikotilan, da Ingilishi.

Sauran aikin na tattara shi na kai Edinbara a rana ɗaya cikin watan Yuni, domin a cibiyar ScotlandsPeople da ke General Register House, a gabashin Princes Street, a lokacin ana biyan fam 15 a duba shafuka iya son rai har a tashi. Ana kama kujera tun kafin a zo, tafiyar jirgin ƙasa daga tashar Queen Street ba ta cika awa guda ba, kuma ginin yana 'yan taku daga tashar Waverley. Wanda ya san zai buɗe fiye da shafi goma, wannan ta fi masa sauƙi, kuma a can ana ganin rajistar da ba a sakin hotonta a intanet, inda ake tsayawa a shekara 100 ga haihuwa, 75 ga aure, 50 ga mutuwa. Rajistar Sikotilan, wadda ta zama dole tun 1 ga Janairu na 1855, tana da wata falala: takardar haihuwa tana faɗin rana da wurin auren iyaye, ta mutuwa kuma tana faɗin sunayen iyayen mamaci har da sunan gidan su uwa, domin mace ba ta rasa sunan mahaifinta a takardunsu, kamar dai a wurinmu. Haihuwarsa ta fito a Partick a ƙarshen 1885, kuma sunan kakansa na wajen uba aka sa masa, bisa al'adarsu ta ɗan fari. A ƙidayar 1921, wadda aka ɗage daga Afrilu zuwa 19 ga Yuni saboda rikicin ma'aikata, yana gidan mahaifiyarsa a Argyle Street, an rubuta sunan masana'antar jiragen ruwan da ya yi wa aiki, da cewa ba ya da aiki a lokacin. Shekarar ce kasuwar ƙera jirage ta faɗi a bakin Clyde, kuma ina ganin abin da ya tura shi Bukuru ke nan bayan shekara uku. Ya rasu a 1957, 'yar ƙanwarsa ce ta kai rahoto, kuma a gurbin aure an rubuta cewa bai taɓa yi ba. Babu inda aka ambaci kakata, ba kuma na sa ran a ambace ta, amma sai da na fita waje na sha iska kafin na iya ci gaba.

Washegari na je wurin da ginin yake, tafiyar minti goma daga kujerar da na saba zama a Mitchell. An rushe yawancin Anderston a shekarun 1960, aka buɗe gadar Kingston a 1970, kuma da na ɗora tsohuwar taswira a kan inda nake tsaye, zauren gidan ya faɗo kusa da wani ginshiƙin kankare, motoci na ruri a sama. Daga nan na kira Inna. Na ce, "Inna, na samo shi, kuma yana da asali, sai dai talaka ne ɗan talakawa." Ta yi shiru, sannan ta tambaya ko ya yi aure a can ya haifi wasu. Da na ce a'a, sai ta ce, "Ashe mu kaɗai gare shi." Ta sa na maimaita mata sunan mahaifiyarsa sau uku har ta iya faɗa.

Wanda zai bi wannan hanya, shawarata ta farko ita ce ya fara da wuri kafin suna, domin suna yana rikiɗa a hannun kowane magatakarda, amma gini yana nan inda yake a taswirar zamaninsa ko da an rushe shi. Kada ya nemi tsohon adireshi a taswirar yau. Ya buɗe ta shekarun da ake magana, ya binciki ko an canja wa titin suna da lamba, ya kuma tambayi a ƙarƙashin wace gunduma unguwar take a wancan lokaci, domin wanda ya ce shi ɗan Gilasgo ne yana iya zama ɗan Partick ko Govan a takarda. Idan ya samu wanda ya yi kama, ya fara sayen takardar mutuwarsa kafin komai, kuma kada ya ɗauki bishiyar da wani ya ɗora a intanet a matsayin hujja sai ya ga shafin da idonsa. Ya rubuta lambar duk shafin da ya buɗe da abin da ya gani, har da waɗanda ba su yi amfani ba, domin ni sau biyu na koma neman abin da na riga na watsar. Jimillar abin da na kashe ta kusa fam 120 har da kuɗin jirgi, kuma fiye da rabinsa ya tafi ne kafin ranar da na yi tambaya a Mitchell. Ya kuma san iyakar abin da takarda ke iya tabbatarwa: tawa ta nuna cewa mai littafin nan shi ne mutumin da ya sauka Ikko a 1924, amma cewa shi ne mahaifin kakata, wannan shaidar gidanmu ce, sai ko gwajin jini idan wani daga zuri'ar ƙannensa ya amince.

Ƙidayar 1911 har yanzu ba ta ba ni shi ba, a Gilasgo ko a wani wuri, kuma zatona yana teku a daren, yana aiki a ɗakin injin wani jirgi. Ta 1931, wadda za ta nuna inda ya sauka bayan dawowarsa daga Bukuru, tana nan a ajiye, ba kamar ta Ingila da gobara ta cinye a 1942 ba, amma sai ta cika shekara ɗari za a buɗe ta. Kafin nan na rubuta wasiƙa zuwa ga wata jikar ƙanwarsa da na gano ta hanyar rajistar aure, na haɗa da hoton bangon littafin da na kakata ranar da ta dawo daga Makka, kuma Inna ta ce kada in aika sai ta ji abin da na rubuta kalma bayan kalma.